Wane Aiki Ke Jiran Wane? Abin da Rufin Aji Biyu Ya Koya Mana

 

An nemi mu yi bayani a kan yadda ake tsara jadawalin aiki da kwamfuta. Da saƙon ya iso mana sai da muka yi dariya, domin duk wanda ya san makarantarmu ya san kwamfuta ɗaya tal gare mu, ita ma sai an yi ta lallashi kafin ta farka. A kwalejin ilimi alli da allo da littafin tsara darasi aka horar da mu a kansu. Larura ce ta koya mana abin da za mu faɗa yau, don haka ku yi mana haƙuri mu fara da ita.

Shekara biyu ke nan, a farkon damina, iskar nan da kan riga ruwan fari ta yaye rufin ginin da 'yan aji uku da 'yan aji huɗu suke ciki. Cikin dare abin ya faru, Allah ya taƙaita, babu wanda ya ji ciwo. Da gari ya waye muka tsinci kwano a gonar maƙwabta, katako duk ya kakkarye. Muka cusa 'yan aji uku cikin 'yan aji biyu, 'yan aji huɗu kuma muka kai su gindin darbejiya. In hadari ya haɗo sai a kaɗa ƙararrawa a tashe su. Haka muka ƙare zango na uku. Ginin ya sha ruwan Yuli da Agusta a buɗe, kan bango ya tsattsage, daɓe ya farfashe.

Sai a farkon Disamba kuɗi suka haɗu, daga ƙungiyar iyaye da malamai da gudummawar wasu tsofaffin ɗalibai. A makon ƙarshe na zango aka kira taro, muka miƙe a gaban iyaye muka ce in Allah ya yarda za a gama aikin cikin hutu, yara su dawo su tarar da ajinsu. Aka yi ta sa mana albarka. Yara suka dawo a Janairu suka tarar da hunturu da gindin darbejiyarsu. Ba a shiga azuzuwan nan ba sai farkon Maris.

Jinkirin ya yi ciwo, amma abin da ya biyo bayansa ya fi shi ciwo. Akwai abokin aikinmu da aka ɗora wa sayen katako da kwano. Ba za mu ambaci sunansa ba. Wasu a zauren nan sun san shi. Bayan kuɗi sun fito daga banki ya ɗauki kusan mako guda bai kawo kayan ba, yana yawon kasuwanni yana neman busasshen katako wanda ba zai lanƙwashe ba. Masu wucewa kuwa ba sa ganin takardun da ke kwance a ofis, filin makaranta suke gani, kuma filin babu katako. Magana ta tashi a gari cewa malam ya ci kuɗin rufi. Ta kai majalisa, ta kai gidan biki, har matarsa ta ji a bakin mata, 'ya'yansa suka ji a bakin abokan wasa. Mutumin da ya haura shekara ashirin yana koyar da 'ya'yan garin ya daina fita hira, ya rubuta takardar neman canjin wurin aiki. Mu da muka tabbata bai ci ko sisi ba, rantsuwa kawai muke da ita. Rasit ya nuna inda kuɗi suka tafi, amma bai nuna inda kwanaki suka tafi ba, mutane kuwa kwanakin suke tuhuma.

Ana cikin haka ƙanin wata malamarmu, mai karatun injiniya a jami'a, ya zo hutu ya ji abin da ake ciki. Ya ce mata, “Yaya, ku kawo mini littafin taro da rasit, mu ga wa ya jira wa.” Ya zauna da mu yamma uku. Abin da ya nuna mana shi ake kira jadawalin Gantt. Siffarsa ba baƙuwa ba ce ga malami, domin ɗan'uwan jadawalin darasi ne. A hagu ana jera ayyuka daga sama zuwa ƙasa, a sama kuma ana jera kwanaki daga hagu zuwa dama. Kowane aiki yana da sanda a kwance a kan layinsa, wadda ta fara daga ranar da zai fara ta tsaya ranar da zai ƙare. Aikin kwana biyu gajeriyar sanda, na kwana goma doguwa. Daga wutsiyar wata sanda zuwa kan wata akwai 'yar kibiya da ke cewa wannan ba ya farawa sai wancan ya ƙare. A ganinmu kibiyoyin nan su ne ran abin, sandunan tufafi ne kawai.

Sunan na wani injiniya ne ɗan Amurka, Henry Gantt, wanda aka haifa a 1861 ya rasu a 1919. Ya fito da zane-zanensa a tsakanin 1910 da 1915 don masana'antu, kuma gwamnatin Amurka ta yi aiki da su a Yaƙin Duniya na Ɗaya wajen bin diddigin ƙera makamai da jiragen ruwa. Wani injiniya ɗan ƙasar Polan, Karol Adamiecki, ya riga shi ƙirƙiro makamancinsa tun 1896, amma da yake da harsunan yankinsa ya yi bayaninsa, duniya ba ta ji shi da wuri ba, suna ya tafi ga Gantt. Lissafin gano jerin ayyukan da ke riƙe da ranar gamawa ya zo ne daga baya, a 1957, lokacin da kamfanin DuPont ya haɗa kai da kamfanin Remington Rand mai ƙera kwamfuta don tsara gyaran masana'antunsa. A 1958 rundunar sojan ruwan Amurka ta fito da irin tata dabarar a aikin makami mai linzami na Polaris. Manhajojin yau sun haɗa biyun wuri guda: zanen Gantt da wannan lissafi. Abin da aka ƙera don jiragen yaƙi, ga shi mun ɗauko shi don falle-fallen kwano, kuma ya yi mana daidai.

Kalmar manhaja tana da fuska biyu a bakin malami, to yau ba ta karatu muke nufi ba, ta kwamfuta ce. Wadda ta fi suna ita ce Microsoft Project, da ta fara fitowa a 1984, amma ta kuɗi ce, kuma albashinmu kun san shi. Akwai ProjectLibre da GanttProject, dukansu kyauta ne, kuma da zarar an sauke su an saka a kwamfuta ba sa bukatar intanet. Da ProjectLibre muka yi namu. Wanda ba shi da ko ɗaya yana iya buɗe Excel ko Google Sheets, ko da a waya, ya jera ayyuka ya riƙa shafa wa gidajen kwanaki launi. Zai sami zane mai kyau, sai dai idan rana ɗaya ta goce shi zai bi sauran sanduna ɗaya bayan ɗaya yana matsar da su da hannu. Manhajar tsara aiki ita ke yin wannan da kanta, kuma dalilin da ya sa ta cancanci wahalar koyo ke nan.

Kuskuren farko da muka so yi shi ne mu kunna kwamfuta nan take. Yaron ya rufe ta, ya ce a kawo takarda. Muka yayyanka kwali, kowane gutsure aiki ɗaya, muka baza a kan tabarma. Ƙa'idarsa ita ce duk abin da aka rubuta ya zama aikin da za a iya nuna ranar da ya ƙare da wanda ya ƙare shi. “Gyaran aji” bai shiga ba, domin buhu ne mai ɗauke da ayyuka da yawa. Da muka zazzage buhun sai ga taron amincewa, kwana 1. Kintacen magini da kafinta, kwana 3. Takardar izini daga ofishin da ke sama da mu, wadda muka yi wa adalci muka ba ta kwana 10. Fitar da kuɗi daga banki, kwana 2. Sayen siminti da rodi da yashi, kwana 2. Gyaran kan bango da zuba linta, kwana 5. Daga nan sai wani aiki da babu wanda ya tuna da shi ranar da muka yi alkawari, wato jira. Kankare ba ya ɗaukar nauyi ranar da aka zuba shi. Ana ba shi ruwa aƙalla kwana 7, cikakken ƙarfinsa ma sai ya kwana 28 ake auna shi. Magininmu ya ce ba zai bari a hau kansa ba sai bayan mako guda. Sannan ɗaura katako kwana 4, buga kwano kwana 3, daɓe da filasta da fenti kwana 6. A gefe kuma akwai sayen katako da kwano, kwana 3, da gyaran bencina, kwana 8. Waɗannan biyun fitowar kuɗi kaɗai suke jira.

A kan kowane gutsure muka yi tambaya ɗaya: me za a gama kafin a fara wannan? Nan gardama ta kaure, kuma gardamar ta fi komai amfani. Sai da tabarma ta daidaita muka koma ga kwamfuta.

Shigarwar ba ta kai awa guda ba. Shafin yana buɗewa ne da gurabe a jere kamar rajistar aji, kuma uku daga ciki ne za ku cika da farko: sunan aiki, tsawon kwanakinsa, da lambar aikin da yake jira. In fitar da kuɗi shi ne na huɗu a jeri, sayen siminti kuma na biyar, sai ku rubuta 4 a gurbin jira na layi na biyar. Ɗaura katako yana jiran abu biyu, bushewar linta da isowar katako, sai a rubuta lambobin duka biyun. Kuna rubutawa sanduna suna bayyana a dama, kibiyoyi suna haɗa su. Ranar farawa guda ɗaya kawai za ku ba manhajar, ta aikin gaba ɗaya. Muna jan kunnenku a nan, domin mun faɗa ramin: akwai guraben ranar farawa da ranar gamawa a kowane layi, kuma hannu yana ƙaiƙayin cika su. Kada ku cika. Duk ranar da kuka rubuta da hannu ta zama turke, ta ɗaure aikin, manhajar ta kasa matsar da shi yadda ya kamata. Ku bar ta ta lissafa. Abin da ba shi da tsawo, kamar ranar komawar yara aji, a ba shi kwana sifili, zai fito kamar ɗan ɗigo mai kusurwa huɗu, alamar an kai wani mataki.

Da muka gama, muka duba ƙarshen zanen, sai kowa ya yi tsit. Ko da komai ya tafi lafiya, babu wanda ya makara ko da yini ɗaya, aikin kwana 43 ne. Hutun da muka yi alkawari da shi mako uku ne. In an cire Lahadi, kwana 18. Ashe tun ranar da muka miƙe a gaban iyaye alkawarin a karye yake. Babu wanda ya yi ƙarya da gangan. Kowa ya hango guntun da ke gabansa ne: kafinta ya ce mako guda ya ishe shi, magini ya ce shi ma haka, muka haɗa muka ga mako biyu har da rara. Ba mu lissafa takarda ba, ba mu lissafa banki ba, ba mu lissafa kwanakin da ake zuba wa siminti ruwa ana kallonsa ba. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, mu kuwa ko shuka duman ba mu yi ba muka sa ranar tafiya.

Sai abu na biyu. Wasu sandunan sun fito ja, wasu shuɗi. Jajayen su ne waɗanda suka sarƙe da juna tun daga farko har ƙarshe babu sarari a tsakani, muka sa musu suna jar sarƙa. Duk aikin da ke cikinta, in ya makara kwana ɗaya, ranar gamawa ta matsa kwana ɗaya. Shuɗɗan kuwa suna da sarari. Kuɗi suna fitowa ne a kwana na 16. Sayen katako zai ƙare a kwana na 19, amma ba a bukatar katakon sai linta ta bushe a kwana na 30. Sararin kwana 11 ke nan. Abokin aikinmu mako guda ya ƙara. Ko yini ɗaya bai ci wa aikin ba. Da ya kawo katakon da wuri ma, rana da ƙura kawai zai sha a fili. Da muka shigar da ainihin ranakun daga littafin taro, kwanakin da suka ɓace suka fito sarai. Takardar izini ta yi kwana 24 maimakon 10. Ɗaya daga masu sa hannu a asusun ya yi tafiya, aka jira shi kwana 9. Kwana 23 ke nan a kan 43, jimla 66, wato mako goma sha ɗaya, daga tsakiyar Disamba zuwa farkon Maris. Lissafi ya cika cif. Kuma laifin da ya fi girma namu ne mu 'yan kwamiti, domin a makonnin da ya kamata wani ya riƙa sintiri ofis yana bin takarda, muna can muna taro a kan bencina, aikin da ke da sararin kwana 19.

Muka kwafe zanen a babban kwali da jar maka da shuɗiya, muka kai taron iyaye. Ba mu yi dogon bayani ba. Wani dattijo da bai yi boko ba ya matso ya bi jan layin da yatsa, ya tambaya ina sandar malam take, aka nuna masa ita can ƙasa, shuɗiya. Ya ce, “To ashe ba shi ya riƙe mu ba.” Gani ya kori ji.

Akwai wuraren da manhajar za ta yaudare ku in ba ku yi hattara ba, babbansu kalanda. Tana zuwa ne da makon waɗanda suka ƙera ta: Litinin zuwa Juma'a, awa takwas a yini, Asabar da Lahadi hutu. Aikinmu kuwa kalanda uku yake bi. Ofis da banki kwana biyar suke buɗewa. Magini da leburorinsa suna aiki ran Asabar, amma Juma'arsu rabi ce, kuma in ranar kasuwar garinsu ta zo kada ku sa rai. Siminti shi bai san hutu ba, yana bushewa ran Lahadi kamar ran Talata, don haka kwanakinsa a shigar da su a matsayin kwanaki masu bin juna ba tsallake. Duk wannan ana gyara shi a sashen kalanda, kuma gara a gyara kafin a shigar da aiki ko ɗaya. Sannan ga Sallah. Manhajar ba ta san da ita ba, kuma shekarar Hijira tana gaza ta Miladiyya da kwana goma ko sha ɗaya, saboda haka hutun bara ba zai yi muku jagora bana ba. Ranar kanta sai an ga wata Sarkin Musulmi ya yi sanarwa. Abin da muke yi shi ne mu toshe kwanakin da ake tsammani, mu ƙara ɗaya gaba ɗaya baya. Haka Kirsimeti da Ista ga ma'aikatan da za su tafi gida. Watan azumi kuma kada a ba lebura tsawon kwanakin da aka ba shi a sauran watanni. Ruwan sama ma ba ya cikin kwamfuta. Wanda ya sa buga kwano a Agusta, shi ya jiyo.

Akwai gurbi na huɗu da muka raina da farko, na sunan mai aikin. Kafintanmu ɗaya ne, shi ke gyaran bencina shi ke ɗaura rufi. A takarda ayyukan biyu ba su haɗu ba, amma da bencina suka matsa gaba sai suka hau kan rufi, mutum ɗaya ya zama yana wuri biyu a yini guda. In kun cika wannan gurbi manhajar za ta nuna muku inda aka yi wa mutum lodin da ya wuce awanninsa. Taura biyu ba ta taunuwa, sai a zaɓi ta jar sarƙa a fara da ita. Haka kuma ba kowace kibiya ce ke nufin sai an gama kafin a fara ba. Ana iya cewa wannan ya fara kwana biyu bayan wancan ya fara, kamar mai fenti da ke bin bayan mai filasta ɗaki-ɗaki. Wannan ku bar shi sai hannunku ya faɗa.

Ranar da kwamiti ya amince da shiri, ku adana hotonsa na farko. Akwai umarni na musamman don haka. Daga nan duk mako a zauna minti goma a shigar da abin da ya faru a zahiri. Manhajar za ta nuna sabuwar sanda tare da ta asali, kowa ya ga tazarar. Jadawalin da aka zana aka rataye ba a sake taɓawa ba ado ne, irin kalandar shekarar da ta wuce. Kuma ku buga shi a takarda ko ku kwafe a kwali ku liƙa inda iyaye za su gani, domin wuta ba ta da alkawari, kuma abin da ke ɓoye a kwamfutar mutum ɗaya ba ya kashe jita-jita.

Wani zai ce shi ba magini ba ne, ina ruwansa. To mu dawo cikin aji. Jarrabawar ƙarshen zango ma sarƙa ce: fitar da tambayoyi, tantancewa, bugawa, zaman jarrabawa, makin takardu, haɗa sakamako da na gwaje-gwajen zango, cika katin sakamako, sa hannun shugaban makaranta. Mun zana ta zangon da ya wuce. Ajin ɗaya daga cikinmu yara 80 ne, darussa 9, takardu 720 ke nan. In kowace takarda ta ci minti uku, an sami minti 2,160, wato awa 36 na maki zalla, ba cin abinci ba tashi. Malamar da za ta iya ware awa huɗu kullum, bayan aikin gida da na makaranta, kwana 9 take bukata. Kwana uku aka saba ba mu. Shekara da shekaru muna cika wannan giɓi da barcinmu da idanunmu a gaban fitila, in kuskure ya fito a katin yaro a ce malami ya yi sakaci. Da muka ajiye zanen a gaban shugabanmu, Allah ya saka masa da alheri, bai yi musu ba. Aka sake jera jarrabawar, darussa masu dogon rubutu suka zo farko domin makinsu ya fara tun ana sauran, aka kuma matso da bugun tambayoyi mako guda baya. Koke da baki an saba jin sa. Koke da lissafi yana da wuyar turewa, kuma muna ganin wakilanmu za su amfana da shi a duk inda suka zauna a madadinmu.

Sai dai wuƙar nan baki biyu gare ta, kuma bai kamata taron ma'aikata ya manta da asalinta ba. Gantt ya yi aiki shekaru tare da Frederick Taylor, mutumin da ya shahara da tsayawa a kan ma'aikaci da agogo yana auna motsinsa. A 1911 ma'aikatan wata masana'antar makamai ta gwamnati a Watertown sun yi yajin aiki saboda wannan awo, har majalisar dokokin Amurka ta kafa kwamitin bincike. Jadawalin da ya wanke abokin aikinmu, in ya faɗa hannun wanda ke zaune a ofis yana yanka wa mutane kwanaki yadda ya ga dama, zai zama bulala mai launi. Kwamfuta ba ta san ko kwana uku sun isa makin takardu 720 ba. Abin da aka ba ta take zanawa, kuma tana zana ƙarya da kyau kamar yadda take zana gaskiya. Shi ya sa muka kafa wa kanmu sharaɗi: mai aikin shi ke faɗin kwanakinsa, a gaban kowa, a yi ciniki in za a yi, sannan a rubuta. Kuma ayyukan manya su shiga jeri kamar na ƙanana. Sa hannun shugaba aiki ne, yana da sanda, amsar ofis ma haka. Jadawalin da ya ƙunshi sandunan malamai kaɗai, na sama ba su ciki, kada ku amince da shi.

Ba ya kawo kuɗi, ba ya hana farashin siminti tashi tsakanin kintace da saye, ba ya sa takarda ta yi ƙafa. Namu na yanzu, na ginin banɗakin 'yan mata, ya riga ya goce da kwana shida, kuma mun san a wane tebur kwanakin suke kwance. Wannan karon tun kafin hutu muka tura takardar izini, muka ƙara mutum na uku a masu sa hannu, muka kuma gaya wa iyaye mako tara maimakon ukun da suke son ji. Ba su yi murna ba. Abokin aikinmu ya janye takardarsa bayan dattijon nan ya taka har gida ya ba shi haƙuri, kodayake waɗanda suka fi kowa yaɗa maganar har yau ba su ce uffan ba. Shi ne ke riƙe da jadawalin yanzu, duk Alhamis yake sabunta shi.

Mun zo da kwamfutar, tana can teburin baya tare da kwalin da muka kai taron iyaye. Wanda ke da filashi ya kawo a zuba masa manhajar. Wanda ke da wani aiki a gabansa, ko gasar wasanni ko bikin yaye ɗalibai, ya rubuto ayyukan a takarda da wanda ke jiran wani, mu shigar tare bayan an tashi. Batirin minti arba'in yake yi, don haka a zo da wuri.